Shin Mace Mai Ƙuruciya Sai Ta Tara 'Ya'ya Kafin Ta Nemi Tazarar Haihuwa?

Ummu_Haidar:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a wannan zaure ban taɓa cewa uffan ba, amma yau wata magana ta tsaya mini a rai. Shekaruna 21, na yi aure shekara biyu da suka wuce, ɗana na fari yana da wata biyar yanzu. Haihuwar ta zo mini da wahala, domin na zubar da jini har sai da aka yi mini ƙari, kuma har yau idan na miƙe da sauri sai jiri ya kwashe ni. Saura shekara ɗaya da rabi in kammala karatu. Da na tuntuɓi maigidana kan mu jinkirta ciki na biyu bai ƙi ba, sai dai ya ce ya ji ana cewa idan mace ta fara shan ƙwaya ko yin allura tun tana da ɗa ɗaya, mahaifarta kan bushe, daga baya a nemi haihuwa a rasa. Yayata ma ta ce tazarar haihuwa ta waɗanda suka haifi huɗu ko biyar ce, ba ta irinmu ba. Shin wannan magana tana da tushe? Waɗanda suka yi tazara tun farkon aure kuma, wace hanya kuka zaɓa, me kuka gani a jikinku?

Maman_Biyu:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Irin maganar da yayarki ta faɗa miki ita aka faɗa mini, na kuma ɗauka, har aka ƙara mini da cewa muddin ina shayarwa ciki ba zai shiga ba. 'Yata tana da wata shida na fara jin tashin zuciya da safe, ina ta ɗora laifin a kan zazzaɓi, sai gwaji ya nuna ciki ne na wata biyu, alhali ko jinin al'ada ban sake gani ba tun da na haihu. Ba zan manta daren da nake kwance ina haki ba, yarinyar tana jan rigata tana neman nono, ni kuwa ƙarfin ɗaga ta ma ba ni da shi, muka haɗu muna kuka ni da ita. Kwanika ba wasa ba ce. Bayan haihuwa ta biyu na sa ashanar hannu, wato ɗan siririn abin hana ɗaukar ciki da ake sawa a ƙarƙashin fatar hannu, na yi shekara biyu da rabi da ita, da aka cire kuma wata uku kacal na samu ciki. Idan da tana busar da mahaifa, da ba ni da wannan da nake goyo yanzu.

Ungozoma_Rabi:
Ummu_Haidar, sannu da jiki, Allah ya raya Haidar. Na yi shekaru ina aikin ɗakin haihuwa da na tazara, kuma wannan tambaya ta fi kowace yawan zuwa mini daga bakin mata masu ƙuruciya. Amsar a taƙaice ita ce babu ɗaya daga cikin hanyoyin wucin gadi da ke kashe mahaifa ko busar da ita. Ƙwaya da ashana da robar mahaifa, wato ɗan abin da ake sawa a cikin mahaifa don hana ɗaukar ciki, da zarar an daina ko an cire, jiki yakan koma yadda yake cikin ɗan lokaci, wata ma takan ɗauki ciki a watan farko. Allurar wata uku ce ta fi jinkiri, domin maganin yakan daɗe kafin ya gama fita daga jiki, kuma matsakaicin lokacin da mata kan ɗauka kafin su samu ciki ya kai kimanin wata 10 daga allurar ƙarshe, wasu su haura shekara. Jinkiri ne, ba rashin haihuwa ba ne, amma ina ganin daga nan ne jita-jitar ta samo asali.

Game da tsawon tazarar, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, bayan taron ƙwararru da ta kira a 2005, cewa mace ta jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin ta sake ɗaukar ciki, idan kuma ɓari ta yi ta jira aƙalla wata 6. Dalilin shi ne ciki da shayarwa suna cinye sinadaran da ke gina jini a jikin uwa, idan ciki ya bi ciki ba tare da hutu ba sai haɗarin ƙarancin jini ya ƙaru, haka ma haihuwar bakwaini da jariri mara nauyi. Ke da kika riga kika zubar da jini har aka yi miki ƙari, ke ce kika fi kowa buƙatar wannan hutun.

Maganar shayarwa kuwa, abin da aka gaya wa Maman_Biyu rabin gaskiya ne. Shayarwa tana hana ciki da kimanin kashi 98 cikin 100, amma da sharuɗɗa uku da dole su haɗu a lokaci guda: jaririn bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana ba tare da dogon jinkiri tsakanin shayarwa ba, kuma jinin al'ada bai dawo ba. Da sharaɗi ɗaya ya faɗi, kariyar ta faɗi. Ɗanki yana da wata biyar, ke kuma kina zuwa makaranta kina barinsa na wasu sa'o'i, don haka kada ki jingina da ita.

Hajiya_Uwani:
'Ya'yana, ni na girme ku duka a zauren nan, kuma ba zan ce ungozoma ta yi ƙarya ba, domin ta fi ni sanin aikinta. Amma abin da idona ya gani ba zan ɓoye ba. 'Yata ta yi allura bayan haihuwarta ta fari, ta yi sau huɗu ta daina, sai da ta shekara ɗaya da wata huɗu tana jiran ciki. Waɗannan watanni, ban taɓa ganin yarinyar nan cikin ƙunci irin nasu ba, kowane wata idan ta ga jini sai ta rufe ɗaki ta yi kuka, dangin miji kuma sun fara magana ƙasa-ƙasa. Allah ya kawo cikin daga baya, amma wanda ke ba da lissafi a takarda bai san nauyin wata guda a zuciyar mai jira ba. Ban ce kada a huta ba. Na ce a yi tunani kafin a sa wa jiki abin da ba a iya cirewa idan an canza shawara.

Zinariya_94:
Hajiya ta taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ni ma allura na yi, kuma abin da ya ɓata mini rai ba allurar ba ce, yadda aka yi mini ita ne. Ma'aikaciyar da na samu ko kallon fuskata ba ta yi ba, ta tambayi ranar al'adata ta ƙarshe, ta tsira mini allura, ta rubuta ranar dawowa a kati, shi ke nan. Ba ta ce mini jini zai iya rikicewa ba. Na yi kusan kwana arba'in ina ganin ɗigo-ɗigo, yau ya ɗauke gobe ya dawo, ban san ranar da zan yi wanka in yi salla ba, ban san abin da zan ce wa maigida ba. Tsoro ya sa na ɗauka wata cuta ce ta kama ni. Da an yi mini bayani tun farko, da ko dai na haƙura na ci gaba ina sane, ko na zaɓi wata hanya. Ban sake komawa ba.

Abu_Mus'ab:
Ku yi mini afuwa in shigo maganar mata, amma tun da akwai maza a zauren ina ganin ya kamata a ji ta bakinmu. Abin da ke damuna shi ne kowa yana maganar wace hanya ta fi, ba wanda ya tsaya ya tambayi ko abin ya halatta. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kwaɗaitar da mu auren mace mai soyayya mai haihuwa domin zai yi alfahari da yawanmu. Allah kuma ya ce kada mu kashe 'ya'yanmu don tsoron talauci, Shi ne mai azurta su da mu. Yaya za a yi yarinya mai ɗa ɗaya ta fara tunanin rufe ƙofa?

Malama_Ummu_Salma:
Malam Abu_Mus'ab, Allah ya saka da alheri da ka kawo wannan ɓangare, sai dai akwai gyara a yadda ka ɗora dalilan. Ayar da ka ambata, ta 31 a Suratul Isra'i, tana magana ne kan kashe ɗan da ya riga ya samu, ita kuwa 'yar'uwarmu tana tambaya ne kan jinkirta shigar ciki tun kafin a samu komai. Malamai sun daɗe da bambance waɗannan biyun. Jabir ɗan Abdullahi, Allah ya yarda da shi, ya ce sun kasance suna yin azalu alhali Alƙur'ani yana sauka, kuma Bukhari da Muslim duk sun ruwaito wannan. Azalu kuwa shi ne zubar da maniyyi a waje don gudun ciki, kuma a kansa ne malaman wannan zamani suka yi ƙiyasin hanyoyin wucin gadi.

Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna kan wannan mas'ala a Kuwait a 1988, ta yanke cewa bai halatta hukuma ta kafa dokar da za ta ƙayyade wa ma'aurata yawan 'ya'ya ba, kuma haramun ne a kashe ƙarfin haihuwar namiji ko mace gaba ɗaya sai da lalura, amma ya halatta miji da mata su tsara tazara na wani lokaci idan akwai buƙata, da shawara da yardar juna, matuƙar babu cutarwa kuma ba a taɓa cikin da ya riga ya shiga ba. Ka duba kuma aya ta 233 a Suratul Baƙara, inda aka ce uwaye su shayar da 'ya'yansu shekara biyu cikakku ga wanda ya so cika shayarwa. Ummu_Haidar ba rufe ƙofa ta ce za ta yi ba, hutun da bai wuce wannan ba take nema, ga kuma lalurar jini a bayyane.

Zinariya_94, abin da ya same ki ya sami mata da yawa. A mazhabar Malikiyya, macen da ta san kwanakin al'adarta, idan jini ya zarce, takan ƙara kwana uku a kan mafi tsawon kwanakin da ta saba, muddin jimillar ba ta wuce kwana 15 ba, abin da ya biyo baya jinin ciwo ne, za ta yi wanka ta ci gaba da salla da azumi, kuma bai hana ta mijinta ba. Jinin da ke yankewa yana dawowa yana da nasa lissafin, gara mace ta zauna da malama ta zayyana mata yadda nata yake.

Abu_Mus'ab:
Na karɓi gyara a kan ayar, Malama. Amma ina nan kan bakana cewa karatu kaɗai bai kai dalilin da za a jinkirta haihuwa ba. Lafiya kam na yarda.

Ungozoma_Rabi:
Bari in koma kan Hajiya_Uwani da Zinariya_94, domin dukansu sun faɗi gaskiya, kuma laifin namu ne mu ma'aikata. Hajiya, abin da kika ce game da abin da ba a iya cirewa shi ne ainihin dalilin da ya sa ba na gaggawar ba wa mace allura idan ta ce mini tana son ciki nan da shekara guda. Ashana ana cire ta a minti kaɗan, roba ma haka, ƙwaya kuma daina sha kawai za a yi, amma allura idan ta shiga sai ta gama wa'adinta. Tambayar farko da ya kamata a yi wa mace ita ce yaushe take son ciki na gaba, daga nan ne zaɓi ke fitowa.

Rikicewar jini kuwa ita ce babban abin da ke sa mata daina allura da ashana. Yawanci ba alamar cuta ba ce, sinadarin ne ke sa fatar cikin mahaifa ta yi siriri, sai ta riƙa zubowa kaɗan-kaɗan a watannin farko, daga baya mata da yawa masu allura su daina ganin jinin kwata-kwata. Wannan ma yakan tsorata wasu, su ce jinin yana taruwa a ciki, alhali babu abin da ke taruwa, ba a ƙirƙire shi ba ne tun asali. Akwai magungunan da ake bayarwa su rage zubar, kuma jini mai yawa ko mai haɗe da ciwon mara da zazzaɓi dole a koma asibiti a duba.

Tun da an tambayi wace hanya ta fi, ga yadda lissafin yake a rayuwa ta yau da kullum, inda ake mantuwa ana makara. Cikin mata 100 da ba sa amfani da komai, kimanin 85 kan ɗauki ciki a shekara guda. Masu ashana ko robar mahaifa, ba ta kai mace ɗaya ba. Masu allura kimanin 4, masu ƙwaya kimanin 7, kwaroron roba kimanin 13, azalu kuwa kimanin 20. Bambancin da ke tsakanin ƙwaya da ashana ba daga ƙarfin magani ba ne, daga mantuwa ne, domin ita ashana ba ta jiran ki tuna da ita. Cikin nau'o'in ashana, Implanon sanda ɗaya ce, tana aiki shekara 3, Jadelle sanda biyu ce, shekara 5, robar mahaifa mai jan ƙarfe kuma takan kai shekara 10 ko fiye, kuma ba ta ɗauke da irin sinadarin da ke cikin ƙwaya da allura, sai dai takan ƙara yawan jinin wata da ciwon mara ga wasu. Wannan na ƙarshe ya sa zan so a fara auna jinin Ummu_Haidar kafin a yi maganar roba.

Fatima_Zahra_B:
Ni robar nake da ita shekara biyu ke nan, kuma na zaɓe ta ne domin ina da hawan jini tun cikina na fari, likita ya hana ni ƙwaya mai sinadari biyu. Watanni ukun farko jinin ya ƙaru, daga baya ya daidaita. Abin da kawai zan ce shi ne ba ta tafiya zuciya ko ƙwaƙwalwa kamar yadda aka tsorata ni, tana nan inda aka sa ta.

Sabuwar_Amarya:
Ku yi haƙuri in karkatar da maganar kaɗan. Ni watana huɗu da aure, shekaruna 19, ban haihu ba. Ni da mijina mun so mu yi shekara guda mu fahimci juna kafin ciki, amma duk wanda na gaya wa sai ya zaro ido kamar na yi saɓo. Duk bayanin da aka yi a sama na masu goyo ne. Mu da ba mu taɓa haihuwa ba fa?

Maman_Biyu:
A nan kam, ƙanwata, zan ja da baya duk da abin da na faɗa ɗazu. Wadda ta haihu ta san mahaifarta tana ɗauka. Ke ba ki sani ba tukuna. Idan kika jinkirta shekara, sannan kika nema ya ƙi zuwa, ko da ba maganin ne ya jawo ba, duniya za ta ce shi ne, ke ma zuciyarki ba za ta bar ki ki huta ba. Ni dai da 'yata ce, zan ce ta haifi ɗaya tukuna.

Dakta_Sa'a:
Maman_Biyu ta faɗi abin da mutane za su ce, kuma ba ta yi kuskure ba, amma ya kamata a raba maganar mutane da maganar jiki. A likitance babu hanyar wucin gadi da aka hana mace don kawai ba ta taɓa haihuwa ba, har da ashana da roba. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ya nuna cewa kimanin mutum ɗaya cikin shida na fuskantar matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, ko ya taɓa amfani da hanyar tazara ko bai taɓa ba. Manyan dalilan su ne toshewar bututun ƙwai sakamakon cututtukan sanyi da ba a yi maganinsu da kyau ba, da rashin fitar ƙwai a kan kari, da kuma matsala daga wajen namiji, wadda take da kaso mai yawa duk da ba a cika son ambatonta ba. Sau da yawa macen da al'adarta ba ta da tsari tun tana budurwa takan sha ƙwaya jinin ya riƙa zuwa daidai, da ta daina sai tsohuwar matsalar ta dawo, a ɗora wa ƙwayar laifin abin da ta tarar.

Saboda haka, Sabuwar_Amarya, idan al'adarki takan yi wata biyu ko uku ba ta zo ba, ki fara ganin likita kafin komai. Idan tana zuwa daidai kuma shekara ɗaya kawai kuke so, ƙwaya ko kwaroron roba sun fi dacewa da ku a kan allura, saboda jinkirin da ungozoma ta bayyana. Ƙwaya mai sinadari biyu ba ta dace da mai hawan jini ba, ko wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya, ko mai ciwon ɓarin kai irin wanda ke zuwa da walƙiya a ido, don haka ba abin karɓa daga hannun ƙawa ba ce, sai an auna ki. Wasu magungunan tarin fuka da na farfaɗiya kuma suna rage ƙarfin ƙwaya da ashana, duk mai shan su ta faɗa tun kafin a ba ta.

Rifkatu_D:
Ni Kirista ce, 'yar ɗarikar Katolika, kuma kamar yadda wasiƙar da Paparoma Paul na shida ya fitar a 1968 ta jaddada, koyarwar cocinmu ba ta amince da ƙwaya da makamantanta ba, sai hanyar lissafin kwanaki. Ita muke bi ni da maigidana shekara uku ke nan. Idan zagayen al'adar mace yana tsakanin kwana 26 zuwa 32, ana ƙaurace wa juna daga rana ta 8 zuwa ta 19, a fara ƙirga daga ranar da jini ya fara. Tana aiki, amma sai da miji mai haƙuri, domin kwana goma sha biyu kowane wata ba ƙaramin abu ba ne ga sababbin aure. Kuma ba zan ba mai goyo shawarar ta ba, tun da al'adarta ba ta daidaita ba, ba ta da abin da za ta ƙirga.

Baban_Khalil:
Maganar Rifkatu ta sa zan ce wani abu ga 'yan'uwana maza. Duk wahalar da aka lissafa a sama, rikicewar jini da jiri da huda hannu, mace ce ke ɗauka, mu namu kawai mu ce mun yarda ko ba mu yarda ba. Lokacin da aka yi wa matata tiyata a haihuwarta ta fari, likita ya ce lallai ta huta kusan shekara biyu domin ɗinkin mahaifa ya yi ƙwari. Ta gwada ƙwaya tana sa ta tashin zuciya, sai na ce ta bari, ni zan ɗauki nauyin, muka koma kwaroron roba har wa'adin ya cika. Ban ga abin da ya ragu a mutuncina ba. Shawarata ga mijin Ummu_Haidar ita ce ya bi ta asibitin ya yi tambayar da bakinsa, domin abin da namiji ya ji a majalisa ba ya fita daga kansa sai ya ji kishiyarsa daga bakin wanda ya sani.

Mai_Sirri:
Ba kowace mace ce ta yi dacen miji irin Baban_Khalil ba. Ni na haifi uku cikin shekara huɗu, na roƙa an ƙi, na sa an roƙa mini an ƙi. Yanzu ina yin allura ba da saninsa ba, katin ma a gidan ƙawata yake. Na san za a zarge ni, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Malama_Ummu_Salma:
Mai_Sirri, ba zan zarge ki ba, kuma ba zan ce miki abin da kike yi shi ne daidai ba. Asalin hukuncin shi ne yardar juna, domin haihuwa haƙƙin ku biyu ne, kamar yadda malamai suka ce shi ma miji ba ya yin azalu sai da izinin matarsa. Amma shari'a ba ta yarda da cutarwa ba, idan likita amintacce ya tabbatar cewa wani cikin yanzu haɗari ne gare ki, mijinki ba shi da ikon tilasta miki shiga halaka. Abin da nake ji miki tsoro shi ne ranar da zai gano da kansa. Ki nemi takardar likita, ki nemi wani babba da yake jin nauyinsa, a fito da maganar fili tun kafin ta fito da kanta.

Hajiya_Uwani:
Wannan yarinya ta ba ni tausayi. Uku cikin shekara huɗu, ko ni da nake jan kunne ba zan ce ta ƙara yanzu ba. Allah ya sassauta zuciyar mijin naki, 'yata.

Ummu_Haidar:
Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena. Na karanta wa maigidana bayanin Anti Rabi da na Malama daga farko har ƙarshe, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce labarin 'yar Hajiya ne ya fi tsaya masa a rai, saboda haka allura kam bai amince ba, amma zai raka ni mu ji bayanin sauran. Ni zuciyata ta fi karkata ga ashana domin na san halina da mantuwa, sai dai labarin Zinariya_94 ya sa ina fargabar rikicewar jini, ga shi dama jinin nawa bai gama dawowa ba. Anti Rabi, shin ashana ba ta rage ruwan nono? Kuma idan shekara biyu kawai nake so, ba asara ba ce a sa mini ta shekara uku?

Ungozoma_Rabi:
Ba ta rage nono, ƙanwata, domin sinadari ɗaya ne a cikinta, kuma ana sa wa mai shayarwa ita tun daga ranar haihuwa ma. Wadda ake jinkirta wa mai shayarwa ita ce ƙwaya mai sinadari biyu, yawanci har jariri ya kai wata 6. Akwai ƙwayar masu shayarwa mai sinadari ɗaya, amma tana son a sha ta a lokaci guda kullum, idan aka makara fiye da sa'a uku kariyarta ta yi rauni, ke kuma kin ce kina da mantuwa. Shekara ukun da aka ce iyakar aikinta ne, ba alƙawari ba ne kika ɗauka, duk ranar da kika so a cire haƙƙinki ne a cire, kuma ki tambayi wannan tun kafin a sa, ki ji inda za ki koma da wanda zai cire. Zubar jinin da ashana kan jawo yawanci ɗigo ne, jimillarsa ba ta cika kai jinin al'ada ba, amma ba zan yi miki alƙawarin yadda naki jikin zai karɓe ta ba. Ki ce a auna jininki a ranar, a kuma yi gwajin ciki tukuna, sannan kada ki daina shan maganin ƙarin jinin da aka rubuta miki.

Zinariya_94:
Ummu_Haidar, kada labarina ya hana ki, ni rashin bayani ne ya kore ni, ke kuwa kin samu tun kafin ki je. Anti Rabi, ni da na bar allura wata bakwai ke nan kuma har yanzu al'adata ba ta dawo daidai ba, in ci gaba da jira ne ko in je a duba ni?